Launin Zanen Kaka

Dogon Dutsi, 6 ga Oktoba 2025

Zuwa ga Babana, Mushe Jibrilla malamin makaranta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Mama da duk mutanen gidanmu na Dumega. Yaya kunnen? Kana ɗiga maganin sau biyu a yini kamar yadda aka rubuta, ko sai Mama ta tuna maka? Yaya girbi? Ɗan'azumi direba ya ce mini hatsin gonar gabas ya yi kyau, amma shi komai mai kyau ne a bakinsa, don haka ina jira in ji daga gare ka. Tun da waya ba ta yi maka amfani yanzu, zan riƙa rubutawa ina ba shi ya kawo.

Yau kwanana goma sha tara a shagon hoton Malam Idris. Bai ce ya ɗauke ni ba, bai kuma ce in tafi ba. Ya duba difilom ɗina na Yamai sau ɗaya, ya ce takarda ba ta gyara hoto, ya nuna mini kujera da kwamfuta. Yawancin aikin hotunan katin shaida ne da na suna. Kullum ina tsoron in ɓata wa wani fuska, shi ya sa nake duba kowane hoto sau uku kafin a wanke, har Malam Idris ya fara ce mini Madam Sau-uku.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ranar Juma'a Gwaggo Habsatu ta zo daga Kore Mairuwa, ɗanta Rashid yana riƙe da hannunta. Ka san idon hagu ya tafi. Ta ce na dama ma yanzu kamar ta cikin kara take leƙen duniya. Ta kwance bakin gyalenta ta fiddo wani ƙaramin hoto baƙi da fari, ta ce mahaifiyarku ce. Baba, ban taɓa ganin fuskar Kaka ba sai ranar. Tana tsaye a jikin bangon ƙasa, da zane mai duhu ɗaure a ƙirji, da munduwa biyu a hannun hagu, tana kallon mai hoto kamar shi ne ya zo neman alfarma. A baya an rubuta da fensir, Maris 1975. Gwaggo ta ce a kwallar Kaka ta tsince shi bayan rasuwa, kuma abin da take so shi ne in sa masa launi, in ƙara masa girma, ta ga uwarta kamar mai rai tun idon yana gani.

Bari in yi maka bayanin yadda ake yi, don na san kana son lissafi. Kowane ɗigo a hoto yana da lambar haskensa, daga sifili, wato baƙi ƙirin, zuwa ɗari biyu da hamsin da biyar, wato fari fat. Akwai wani abin aiki a kwamfuta da muke kira degirade a lakwal, wato makarantarmu, ko da yake cikakken sunansa ya fi haka tsawo. Shi kamar doguwar sanda ce ta launuka da nake shimfiɗawa a kan lambobin nan. In na ce sifili ya zama shuɗi mai duhu, tsakiya ya zama ƙasa-ƙasa, ƙarshe ya zama ruwan madara, to kowane ɗigo zai je ya ɗauki launin da ke daidai da lambarsa. Kamar dai ka jera ɗalibai bisa makinsu, ka ce daga nan zuwa nan ku sa riga kaza.

Don in nuna ƙwarewa, nan take na ɗora wani degirade mai ruwan ƙasa da muka saba da shi, na juya mata allon. Ta kai idonta kusa, ta daɗe tana bi, sannan ta ce, "Ɗiyata, wanga ai kamar an tsamo ta daga tukunyar kunu. Ina fuska, ina zane?" Rashid ya yi dariya, Malam Idris ya yi kamar yana neman wani abu a durowa. Gaskiyarta ne. Degirade bai san fuska ba, bai san zane ba, haske kawai ya sani, kuma gefen fuskar Kaka da ke inuwa ya kusa zama lamba ɗaya da zanen.

Gyaran shi ne in ware kowane abu daban, in ba shi nasa degirade. Fata zan ɗauko daga hoton Gwaggo da naka. Bango zan je in ɗauki hoton jar ƙasar gidan Kaka na Kore Mairuwa. Amma zanen fa? Hoto baƙi da fari ba ya ajiye launi, ko kaɗan. Ja mai duhu da kore mai duhu da shuɗi duk suna iya zama lamba ɗaya. Gwaggo ba ta san zanen ba, don a lokacin tana gidan aure a Argungu. Ta ce kai kana gida. Don Allah, Baba, wane launi ne?

A gaida Mama. Allah ya ƙara lafiya.

Ɗiyarka,
Nusaiba


Dogon Dutsi, 15 ga Oktoba 2025

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da Mama da maƙwabta. Na ji daɗi da ka ce kunnen dama ya daina ruwa, kuma an gama ɗaure hatsi. Na gode da gyaran da ka yi mini, gaskiya ne daga sifili zuwa ɗari biyu da hamsin da biyar matakai ɗari biyu da hamsin da shida ne, kada in manta da sifilin. Ka amsa mini zancen girbi, da na haƙurin zama da mai shago, da na cin abinci a kan lokaci. Zancen zanen ne kawai ban gani ba. Na duba bayan takardar har sau biyu ko ka rubuta a can.

Ban zauna haka nan ba. Na sake ɗaukar hoton da sikana, a mafi girman da na'urar take iyawa, na fara auna zanen wuri-wuri. Da ido baƙi ne sumul. Amma lambobin ba su tsaya wuri ɗaya ba: nan arba'in da ɗaya, ɗan ƙasa kaɗan arba'in da bakwai, sai kuma arba'in da ɗaya. Tazarar shida ido ba ya kama ta. Sai wata dabara ta zo mini wadda ba a koya mana ba. Maimakon in shimfiɗa launukan a kan dukan sandar, sai na matse su tsakanin talatin da biyar da hamsin da biyar, na sa masu faɗa da juna, kore shar a nan, ja zur a can. Ba don kyau ba, don in ga abin da ke ɓoye.

Baba, sai ga ratsi sun fito. Zanen saƙi ne, ratsi mai faɗi da ratsi mai faɗi, da wani siririn layi mai haske a tsakaninsu. Na ƙirga goma sha ɗaya daga ƙirji zuwa gwiwa. Na tashi daga kujera ban sani ba. Malam Idris ya zo ya leƙa, ya ce shekara ashirin yana wannan sana'a bai taɓa ganin an tono zane daga duhu ba. Wannan ce magana mafi tsawo da ya taɓa yi mini. Amma ka ga, hakan ya ƙara mini aiki ne: yanzu launi biyu nake nema, ko uku, ba ɗaya ba.

Akwai wani abu kuma, kuma na yi kwana biyu ina tunanin ko in rubuta. A gefen dama, daidai kafaɗar Kaka, inda na ɗauka inuwa ce, degiraden ya fiddo yatsu huɗu. Hannun mutum ne dafe da kafaɗarta. Na ɗauko rula na auna hoton. Tsawonsa santimita goma sha uku, faɗinsa biyar da rabi a sama, shida a ƙasa. Malam Idris ya ce irin waɗannan faɗinsu tara ne. Gefe uku suna da farin baki, na huɗun ba shi da shi, kuma bai miƙe ba. Da almakashi aka yanke shi.

Ƙaramin yatsan hannun nan a lanƙwashe yake daga gaɓa ta biyu. Na san yatsan nan. Shi ne yake kan kafaɗata a hoton ranar da na ci jarrabawar firamare.

Ban faɗa wa Gwaggo ba, ban faɗa wa kowa ba. Mai yiwuwa na yi kuskure, ko da yake na duba fiye da sau uku. Idan kai ne, to kana tsaye kusa da zanen nan har kana iya jin ƙamshinsa. Ba na tambayar wa ya yanke. Launin kawai nake tambaya.

A gaida Mama, a ce mata kukar da ta aiko ta iso.

Ɗiyarka,
Nusaiba


Dogon Dutsi, 27 ga Oktoba 2025

Baba,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Mama. Sau biyu Ɗan'azumi ya dawo daga Dumega hannu wofi. Ya ce ka karanta takardata a tsaye a ƙofar gida, ka ninke ta, ka sa a aljihu, ka tambaye shi lafiyar motarsa. Idan na taɓa abin da bai kamata ɗiya ta taɓa ba, ka yafe mini. Tun ranar abinci ba ya shiga sosai.

Dole ne in sanar da kai halin da ake ciki. Rashid ya kai Gwaggo wurin likitan ido a Doso ranar ashirin ga wata. Ba yanar ido ba ce da za a cire, jijiyar ce ke mutuwa. An ƙara mata maganin ɗigawa, amma likitan ya ce abin da ya rage a idon dama kaɗan ne, kuma ba zai iya cewa wata nawa ba. Na tambayi Rashid ko ya ce wata ko mako. Ya ce shi ma ya tambaya, ba a ba shi amsa ba.

Rashid ya zauna a shago ya yi mini magana a hankali. Ya ce in mai da zanen fari kawai, in goge mundayen, in da hali in ɗora mata mayafi. Ya ce hoton a ɗakin uwarsa za a rataye, yara za su gani su yi tambaya, shi kuma bai san me zai ce musu ba. Ba da faɗa ya faɗa ba, kuma shi ne mai ɗaukarta zuwa asibiti kowane wata, don haka ban ga laifinsa ba. Malam Idris kuma ya ce in zaɓi shuɗi in wuce wurin, tsofaffin mata duk shuɗi suke ɗaurawa, wa zai ce ba haka ba ne? Ya ce aikin hoto ɗaya ya ci mini mako uku.

Duka biyun zan iya yin su kafin a kira la'asar. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Gwaggo za ta karɓa, ta sa albarka, ta tafi da shi cikin duhu, ta riƙa tuna uwarta a cikin zanen da ni na ƙirƙiro. Bayan idon ya rufe babu mai iya gyara mata.

Ranar Lahadi na je Kore Mairuwa don in ɗauki hoton bangon. Yana nan, an dai yi masa yaɓe sau da yawa, amma ƙasar ramin bayan gida ce har yanzu. Na zauna da Gwaggo a gindin darbejiya na tambaye ta me ya sa Rashid yake tsoron zanen. Ta yi dariya ta ce ashe ba a taɓa faɗa mini ba. Ta ce Kaka tana da doguwa, wato iskar bori, ta gada ne daga tata uwar, kuma in an yi wasa akwai zanen da take ɗaurawa wanda ba na kowace rana ba. Ta ce mutane daga nesa suke zuwa wurinta da ciwo da damuwa. Ta ce ita kanta ta bar wannan hanya tun tuni, tana sallarta, amma uwa uwa ce. Zanen wasan da ta sani tun tana yarinya ya tsufa ya yage, wannan na hoton sabo ne, bayan tafiyarta aka saƙa.

Baba, shekarata ashirin da uku, kuma daga lambobi na fara sanin kakata. Ba na neman in bi abin da ta bi. Kai ka koya mini salla, kai ka koya mini kada in rubuta amsar da ban lissafa ba. Ina dai son in san wace ce. Shin tana dariya? Yaya muryarta? Me take kiranka?

Na yanke shawara. Idan ban ji daga gare ka ba zuwa Juma'a ta sama, zan sa wa fuska da bango launinsu, in bar zanen baƙi da fari, in faɗa wa Gwaggo gaskiya cewa ban samu ba. Zai yi muni, na gwada na gani. Amma ba zai zama ƙarya ba.

Allah ya huci zuciyarka. A gaida Mama.

Ɗiyarka mai neman afuwa,
Nusaiba


Dogon Dutsi, 4 ga Nuwamba 2025

Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa irin wadda ban san yadda ake rubuta ta ba. Yaya jiki, yaya Mama? Ambulan ɗinka ya iso jiya da hantsi. Ɗan'azumi ya ce ka ja masa kunne kada ya sa shi kusa da jarkar mai, shi ya sa a hularsa ya taho da shi.

Na buɗe a bayan kantar shago. Rabin hoton da aka yanke ne ya fara faɗowa. Saurayi siriri, wuyansa dogo, yana ƙoƙarin hana kansa murmushi, hannunsa ya miƙa ya ƙare a bakin yanka. Sai wani ƙyalle na zanen Kaka, faɗin tafin hannuna, a naɗe cikin takardar littafin lissafi. Sai layukanka. Na karanta su har na haddace: cewa ja ne da baƙin shuni da farin zare a tsakani, cewa kai ka yanke a 1978, kana makarantar horon malamai, bayan abokanka sun gani sun yi ta kiranka ɗan mai doguwa, cewa a gabanta ka yanke, ba ta ce komai ba, ta ɗauki nata rabin ta sa a kwalla, da cewa da ta zage ka da ya fi maka sauƙi. Na gode kawai. Kuma na ga ka amsa tambayar da ban sa rai ba, a can ƙasa da ƙananan haruffa, cewa Dogo take kiranka.

Bari in ba ka labarin aikin, don shi na fi iya faɗa. Ban sa ƙyallen a sikana kai tsaye ba, don fitilarta tana ƙara masa haske. Na fita da shi inuwar shago, na ɗora shi a kan farar takarda, na ɗauki hotonsa a lanƙwashe yadda zai samu wurin duhu da wurin haske. Daga jan na ɗebi launi uku, na cikin lanƙwasa, na tsakiya, da na inda rana ta taɓa. Haka na yi wa shunin. Ashe jan ba jan kanti ba ne, ya fi kusa da barkono busasshe. Shunin kuma ba baƙi ba ne, in haske ya bugi gefensa yana komawa kamar wuyan tantabara. Da na bi shawarar in zaɓi shuɗi, da ko kusa ban je ba.

Wurin da na tsaya shi ne wane ratsi ne ja, na arba'in da ɗaya ko na arba'in da bakwai. Na mai da hoton ƙyallen baƙi da fari don in gwada, amma fim na wancan zamani ba ya ganin ja yadda kamarar yanzu take gani, don haka ban yarda da wannan ba. Abin da ya cece ni faɗi ne. A ƙyallen, jan ya ɗan fi shunin faɗi, kamar biyar da huɗu. Na auna a hoton, masu arba'in da bakwai su ne masu faɗin, wato su ne jan. Sai na ware ratsin ɗaya bayan ɗaya, kowane da nasa degirade. Ƙyallen ya yi shekara arba'in da wani abu a naɗe, wataƙila ya ɗan dushe, don haka na ƙara masa ƙarfi kaɗan. Wannan ƙiyasi ne, ina faɗa maka don ka sani.

Da na ɗora na ƙarshe na ja baya, sai na ga mace a tsaye. Malam Idris ya zo bayana ya duba, sannan ya tafi ya ɗauko takardar wanke hoto mai kyau wadda yake ɓoyewa don hotunan alhazai. Ya kuma ba ni makullin shago na biyu.

Na haɗa rabi biyun. Sun zauna daidai, sai wani siririn layi inda almakashi ya ci. Zan iya goge shi har ba mai ganewa, amma na bar shi, don ba nawa ba ne. Idan ba ka so a kai wa Gwaggo da rabinka a ciki, ka aiko kafin Asabar. Idan ban ji ba, zan ɗauka ka yarda.

A gaida Mama ƙwarai.

Ɗiyarka,
Nusaiba


Dogon Dutsi, 9 ga Nuwamba 2025

Baba,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya, kai da Mama. Ni lafiya lau, jiya na ci tuwo har na nemi ƙari. Ban ji daga gare ka ba, don haka na kai.

Na wanke shi babba, santimita arba'in da sittin. Na isa Kore Mairuwa da hantsi, lokacin da Gwaggo ta ce idon ya fi buɗewa. Rashid ya fiddo mata tabarma inuwar bangon nan ɗin dai, ya riƙe hoton da hannu biyu. Ba ta iya ganinsa gaba ɗaya, sai gutsure-gutsure. Ta fara daga ƙasa, daga ƙafafu, ta hau ratsin ɗaya-ɗaya da yatsa, tana cewa ja, baƙi, ja, baƙi, kamar mai karatu. Na lura jan ta fi saurin kamawa. Da ta kai fuskar sai ta tsaya. Ta ce, "Inna, ina kwana." Sai Rashid ya leƙo ta saman hoton, ya ce ashe hancinta ne da shi. Bai sake zancen fari ko mayafi ba. Da zan tafi ma ya ce in tura masa a waya.

Sai ta bi hannun da ke kafaɗa, ta tsallaka layin, ta iske ka. Na ba ta labarin yankan a taƙaice, iyakar abin da ka rubuta, ban ƙara ba. Ta ce ta daɗe da sanin wani ya fita daga hoton nan, kuma ta san ba iska ba ce ta fidda shi. Game da layin ta ce in goge, wai Inna ba ta yanke ka ba, kai ka yanke kanka. Na ce sai na ji daga bakinka.

Yanzu ga laifina. Rigarka ban tambaye ka launinta ba. Na ji nauyin in sake dame ka, na ga lambarta tana wajen ɗari da casa'in, na ce ai farar riga ce a inuwa, na sa mata fari. Abu ɗaya ke nan a hoton da na yi da zato, ba da shaida ba. Gwaggo ta kai ido kan wuyan rigar, ta bi maɓallai uku, ta sauka kan aljihu mai ɗinkin zube, sai ta buga cinya. Ta ce, "Rigar ga ba fara ba ce. Ruwan ƙwai ce. Ni na aiko mishi ita daga Argungu, ya aiko mini da cewa launin mata ne, shi ba ya sa wa. Shekara hamsin ina jin haushin rigar ga. Ashe ya sa, har ya tsaya hoto!" Ta yi dariya har tari ya kama ta, Rashid ya kawo ruwa.

Na duba da na dawo. Ruwan ƙwai yana iya ba da ɗari da casa'in ba tare da wata inuwa ba. Ina jin gaskiyarta ne, amma ruwan ƙwai iri-iri ne, ita kuma ba ta iya rarrabe su a allo. Kai kaɗai ka rage mai idon da ya ga rigar.

Don haka ga roƙona. Ranar Lahadi mai zuwa Malam Idris ya yarda in ɗauki ƙaramar kwamfutar zuwa Kore Mairuwa. Na yi magana da Ɗan'azumi, zai tsaya a ƙofar gida bayan karin kumallo, kuma ya yi alkawarin kujerar gaba. Ba sai ka yi magana da kowa ba in ba ka so. Ka zauna kusa da ni, in riƙa jan launin a hankali daga fari zuwa ruwan ƙwai, inda ya yi daidai ka dafa kafaɗata in tsaya. Layin ma a nan za ka nuna mini, a goge ko a bari. Litinin in wanke, Talata ya koma hannunta. Kada mu ɗaga zuwa wani mako, Baba. Jiya sai da ta juya kai sau biyu kafin ta samo fuskata, kuma ina zaune gabanta ne.

Ta ba ni saƙo, ta ce in rubuta shi yadda ta faɗa, kada in gyara. Ta ce a gaya wa Dogo ya zo, kuma in ya kuskura ya ce rigar fara ce, za ta faɗa masa maganar da zai ji ko da kunnen nan nasa.

A gaida Mama, ita ma akwai wurinta a motar. Allah ya kawo ku lafiya.

Ɗiyarka,
Nusaiba